Zuwa ga Auta, a bakin aikin layin dogo

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ummanku da yayyenka suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, Allah ya yi albarka.

Na zaɓi takarda a kan waya ne don na san halinka. "To Baba, to Baba" za ka yi ta cewa har kati ya ƙare, ba tare da ka ji komai ba.

Labari ya iso mini, kuma kada ka tambayi bakin wa, cewa tun da aka tura ku wajen Kazaure a aikin layin Kano zuwa Maraɗi ka zama gwanin ɗaukar kaya. Wai buhun siminti biyu kake saɓawa a kafaɗa, ana tafi ana kiranka Giwa. Buhu ɗaya kilo 50 ne, biyun sun fi ka nauyi. Wa ya aike ka? An ƙara maka ko sisi?

Ummanku jirgin kansa take tsoro. Tun harin da aka kai wa na Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ba ta son jin zancensa. Ni ma ban raina haɗarin layi ba. Kada ka ratsa tsakanin taragu, kada ka fake a ƙarƙashinsu don neman inuwa, kada ka toshe kunne da waƙa a kan dogo, domin jirgi mai kaya ko an taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Hular kwano da rigar nan mai ƙyalli da takalmi mai ƙarfe a baki, ka sa su ko zafi zai kashe ka. Amma duk wannan akwai foman da zai daka maka tsawa a kai. Bayanka ne babu mai tsare maka shi, kuma shi ne ke hana ni barci.

Tun da jirgi ya shigo Kano a 1911 yake cin gadon bayan 'yan dako. Kakanka ya yi lodin buhuna a tasha zamanin dalar gyaɗa, babu wanda ya kai shi ƙarfi a sa'o'insa. Kai ba ka san wannan mutumin ba. Wanda ka sani shi ne tsohon da ke salla a zaune, wanda in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango da hannu biyu ya cije leɓe, buta ma sai an miƙo masa. Kawunka kuwa ka san abin da ƙaba ta yi masa. In ka zo gida zan kai ka Asibitin Ƙashi na Dala ka ga samari sa'o'inka a kan benci.

Saboda haka ka ji. Kafin ka ɗaga kaya, ɗan girgiza shi ka ji nauyinsa, ka duba inda za ka bi, don tsakuwar layi tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Ware ƙafafunka, ka durƙusa da gwiwa, bayanka a miƙe, ka rungumo kayan jikinka, cinyoyinka su tashe ka. In za ka juya, ɗaga ƙafa ka juya gaba ɗaya, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Bulullukan kankaren da ake ɗora dogo a kansu, kowane ya haura kilo 200, aikin inji ne, ba na ɗan'adam ba. Abin da dole sai an yi masa taron dangi, mutum ɗaya ne zai ba da murya, a ɗaga tare a sauke tare, yatsunka ba sa ƙarƙashi.

Kuma wallahi in na ji ka fara haɗiyar tiramol don ka jure, ni da kaina zan zo in taho da kai a gaban masu yi maka tafin. Ƙwaya tana ɓoye ciwo ne, ɓarnar tana ci gaba. In ka ji wani abu ya tsinke a bayanka, ka ajiye aiki, ka sanar a ranar, ka tabbata an rubuta. Akwai dokar biyan ma'aikata diyya tun 2010, amma raunin da ba a rubuta ba wuyar nema gare shi.

Ni na tsaya ka karɓi aikin nan lokacin da Ummanku ta so ka zauna a shagon yayanka a Kantin Kwari, kuma har gobe ina kan bakana. Sana'a ce ta halak, mai gaba. Kada ka sa a dube ni a ce "ai mun faɗa".

Faɗan nan ba na ƙi ba ne, Auta. Na san zuciyar nema ce da kai, kuma ina alfahari da ita. Na saya maka safar hannu masu kauri a Kasuwar Sabon Gari, za su zo da yajin da Ummanku ta daka. Ka kira ta ranar Juma'a, amma kada ka yi mata zancen buhunan nan, ban faɗa mata ba.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Fagge, Kano