Godiya ga masu wankin mota na hanyar Ɗan Isa

Zuwa ga maigidan wurin wankin motar da ke bakin hanyar Ɗan Isa a nan Maraɗi, da yaran da ke aiki a hannunsa.

Assalamu alaikum. Maigida, ya aiki, ya fama da zafi? Ranar da na ɗauki motata na yi muku godiya da baki, amma a tsaitsaye, domin ina saurin kai ta gareji. Tun daga ranar abin yake raina, ina jin ban sauke nauyin da ke kaina ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta a fili, inda mutanen gari za su gani. Yabon gwani ya zama dole.

Motar nan 'yar Kwatano ce, shekara 6 ke nan tana hannuna, kuma da rim ɗin alminiyam ta zo, wato ƙarfen da ake sa taya a kai, farare tas. A hankali na gaba suka fara yin baƙi, daga baya wasu ɗige-ɗige masu launin tsatsa suka fito a lungunansu. Ni duk a zatona ƙurar hanya ce, tunda kusan kowane mako ina zuwa Madarumfa da Ɗan Isa harkar kasuwa, ga kuma ƙurar hunturu. An wanke da garin sabulu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, baƙin yana nan. A wani wuri yaro ya sa soson ƙarfe na wankin tukunya ya dirje rim ɗaya, ya bar mini zane-zane. A wani wurin kuma aka ce a zuba ruwan batir, na ce a'a, na ja motata. Da aka sa ranar bikin ɗiyar wana, aka ce motata ce za ta kai amarya Tibiri, sai wani maƙwabcina ya kwatanta mini wurinku.

Abu na farko da ya ja hankalina, ba ku taɓa ruwa ba. Kai da kanka ka kai bayan hannunka kusa da rim ɗin ka ce: "Alhaji, ƙarfen nan da zafi. A shigar da ita inuwa ta huce, in ba haka ba maganin zai bushe a kai ya bar tabo." Aka ba ni kujera a ƙarƙashin rumfa, yaro ya kawo ruwan sanyi.

A zaman nan ne ka fahimtar da ni abin da na yi shekaru ban sani ba. Ka ce wannan baƙin ba na hanya ba ne, ƙurar birki ce. Duk lokacin da direba ya taka birki, takalmin birki yana matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, su goge juna, ɗan garin ƙarfe da na takalmin ya riƙa zuba. Garin nan da zafi yake fita, sai ya sauka kan rim ya nitse cikin ɗan fentin da aka lulluɓe shi da shi. In damina ta zo, ko aka wanke mota aka bar laima, ƙarfen ya yi tsatsa a inda ya kafe. Sabulu yana ɗauke datti da maiƙo, amma ba ya narkar da ƙarfe, shi ya sa ko an kwana ana wanki ba ya fita. Na tambaye ka dalilin da na gaba suka fi na baya baƙi, ka ce birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, domin in an taka birki nauyinta gaba yake komawa. Mu kuwa da ke tuƙi cikin Maraɗi, tsakanin babura da amalanke a bakin babbar kasuwa, ƙafa ba ta sauka daga kan birki.

Da ƙarfen ya huce, yaranka suka ɗaga motar da jak, suka kwance tayoyin gaba don su samu cikin rim ɗin, inda dattin ya fi taruwa. Suka fara ɗauraye yashi da ruwa, don kada a goga shi ya kankare fenti. Sannan aka fesa wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kafin minti biyar sai ga rim ɗin yana zubar da wani ruwa ja mai duhu kamar soɓorodo. Ka ce launin nan alama ce maganin ya gamu da ƙarfe yana narkar da shi. Suka bi da buroshi mai laushi lungu-lungu, har ramukan noti, suka ɗauraye tun bai bushe ba. Rim ɗin dama sai da aka maimaita masa sau uku. Daga ƙarshe aka goge da tsumma mai tsabta, aka shafa kakin da ka ce zai hana sabuwar ƙura kamawa da ƙarfi.

Akwai abin da na gani wanda ba zan bari ya wuce ba. Ƙaramin yaronka ya ɗauko kwalbar maganin da hannu tsirara, ka dakatar da shi ka ce: "Kai, ina safar hannunka? Sa ta tukuna, kuma ka juya wa iska baya." Yaran mutane ne aka ba ka amana, kuma na ga kana riƙe da ita.

Ba ka kuma yi mini alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Zanen da soson ƙarfe ya bari, da wuri biyu inda fentin ya riga ya ɓare, ka nuna mini su da yatsa tun kafin a fara, ka ce wanki ba ya maganinsu, sai dai a sake fenti in ina so.

Amma babban dalilin wannan wasiƙa shi ne abin da ya biyo baya. Ka tsaya kana duban rim biyun a jere, ka ce bai kamata na dama ya fi na hagu baƙi haka ba, tunda tare suke aiki. Da aka mayar da tayoyin, kafin a sauke motar ka juya tayar hagu da hannu, ta yi ta juyawa. Ka juya ta dama, ta tsaya nan take. Ka ce: "Alhaji, birkin nan yana riƙewa. Wannan ba aikinmu ba ne, amma kada ka ɗauki amarya a motar nan sai bakanike ya duba." Daga wurinku gareji na wuce. Da aka buɗe, aka tarar ƙarfen da ke matse takalmin ya cije, ba ya saki in an ɗaga ƙafa, takalmin dama ya cinye saura ƙiris ƙarfe ya hau ƙarfe. Bakanike ya ce da haka ne birki ke ɗaukar zafi a tafiya har ya rage kamawa, ko mota ta riƙa ja gefe guda. Sai a lokacin na tuna na jima ina jin sitiyari yana ɗan ja dama, ina cewa hanya ce. Ranar kai amarya mata huɗu na ɗauka da jaririya a goye, muka je Tibiri muka dawo lafiya.

Jika uku ka karɓa, kuɗin wanki da magani. Na ƙara maka wani abu saboda shawarar birkin, ka ƙi, ka ce in ba yara in na ga dama.

Na riƙe abin da ka ce: ina sa a ɗauraye rim duk mako da ruwa da sabulu mai laushi, da safe tun ƙarfe bai yi zafi ba, kuma na hana a kusanto su da soson ƙarfe. Wata biyu ke nan, har yanzu farare ne, kuma na dama da na hagu sun koma daidai.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙaro kasuwa, ya raya yaran nan su ma su buɗe nasu wuraren. A gaida su duka. Bayan damina zan kawo rim ɗin nan da aka kankare, ka haɗa ni da mai fentin da ka ce ka yarda da aikinsa.

Naku,
wani ɗan kasuwa daga unguwar Bagalam, Maraɗi.