Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Noma: A Gwada Takin Bakteriya Kafin Ya Isa Hannun Manomi

Mai girma Minista, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ka san irin gonar da masara ke tsumburewa, ganyen ƙasa ya rine ya koma ja-ja, alhali manomi ya zuba takin kamfa. Fosfaras, ɗaya daga sinadaran taki da shuka ke bukata, shi ne bai kai ga saiwa ba. Shuka ba ta shan fiye da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari na fosfaras ɗin da aka zuba a daminar farko. Sauran, ƙarfe da alminiyam ke ɗaure shi a jar ƙasa mai tsami, kalsiyam kuma ya riƙe shi a ƙasa mai alli. Kuɗin talaka ne kwance a gonarsa, ba ya morar su.

Akwai bakteriya irin su Bacillus da Pseudomonas da ke zama a jikin saiwa, suna cin zaƙin da take tsattsafowa, su kuma su fitar da ruwa mai tsami da ke narkar da wannan ɗaurarren fosfaras. Hukumar binciken noma ta Embrapa a Brazil ta kai takin da ta haɗa da irin waɗannan bakteriya kasuwa a 2019 da sunan BiomaPhos. Indiya kuwa ta sa ƙa'ida a dokar takinta: in takin gari ne, kowane giram sai ya ƙunshi rayayyun ƙwayoyi aƙalla miliyan 50, na ruwa miliyan 100 a kowace mililita.

Kukanmu ke nan. A shagunan maganin gona yanzu ana sayar da kwalabe da ƙunshin leda da sunan wannan taki, kuma manomi ba shi da hanyar sanin ko abin da ke ciki yana da rai. Wannan kaya halitta ne, mutuwa yake yi. Wanda ake sayarwa a gari ba ya wuce kamar wata shida, shi ma sai an ajiye shi a wuri mai sanyi da inuwa. A watan Afrilu zafi na haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri, to ina ga cikin shagon kwano ko bayan mota? Mataccen gari da rayayye kamarsu ɗaya a ido. Manomi zai saya, ya rage sufa, wato takin fosfaras, saboda an ce masa ba ya bukata, kaka ta zo ya ga asara, daga nan ko sahihin aka kawo masa ba zai sake karɓa ba.

Dokar kula da ingancin taki da aka sa wa hannu a 2019 ta tanadi sufetoci da gwaji. A yi aiki da ita a nan. Gwajin ba shi da wuya: a ɗebo samfur daga shago, ba daga hannun kamfani ba, a tsarma shi, a shuka a faifan gwaji na Pikovskaya, mai ɗauke da farin fosfaras da bai narke ba, a bar shi 'yan kwanaki a ɗumin maki 28 zuwa 30, a ƙirga ƙwayoyin da suka share farin da ke kewaye da su. Cibiyar Binciken Noma ta Samaru za ta iya wannan. Amma faifai kaɗai bai isa ba, domin ƙwayar da ta yi ƙoƙari a ɗakin gwaji takan kasa a jigawa. Sai an gwada a gona, damina biyu aƙalla, kafin a ba da izinin sayarwa. A tilasta rubuta sunan ƙwayar, adadinta, ranar haɗawa da ranar lalacewa, har da Hausa.

Malaman gona ma su san yadda ake amfani da shi. Giram 200 na isar kilo 10 na iri. A dama da ruwan ƙaro ko na sukari, ban da ruwan famfo mai kulorin, a cuɗa da irin, a shanya a inuwa rabin sa'a, a shuka ranar nan a ƙasa mai laima. In za a sa maganin iri, shi ne farko, ya bushe, sannan wannan. Ba a haɗa shi da kamfa a roba ɗaya, gishirin takin kashe shi yake yi. Kuma yana son takin gida, don ƙasar da ba ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabba ba ta ciyar da shi. Ba ya ƙirƙirar fosfaras, wanda ke ƙasar yake saki. Duk mai cewa ya maye gurbin sufa gaba ɗaya cutar manomi yake yi.

A taron shugabannin Afirka kan taki da aka yi a Abuja a 2006 an yi alkawarin kilo 50 na sinadaran taki a kowace hekta, a Yulin 2023 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci. Alhali ga dutsen fosfat, wanda ake samun fosfaras daga gare shi, a Sakkwato, ga na Tahoua a Nijar; ba ya narkewa da sauri, amma irin waɗannan ƙwayoyi na iya taimaka masa.

Don Allah, ranka ya daɗe, a tura sufetoci kasuwar Dawanau da sauran manyan kasuwanni tun kafin saukar ruwa, a kuma karanta sakamakon gwajin a rediyo da sunan kowane kaya.

Wassalam,
Wasu masu binciken ƙasar noma da malaman gona.