Godiya ga cibiyar da ta koya mini karanta jan rubutu

Zuwa ga shugaba da malaman cibiyar koyar da kwamfuta ta unguwarmu a Kano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a, don wadda na yi da baki ranar da muka gama zangon Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, ba ta ishe ni ba.

Mahaifiyata uwar adashi ce. Mata ashirin da huɗu ke zubi a wurinta duk Juma'a, wasu hannu ɗaya wasu hannu biyu, lissafin duka a wani littafi mai bangon kwali da ya sha jiki. Da na yi wata biyu a ajinku na yamma sai na ga ai na isa in raba ta da littafin nan. Na rubuta 'yar manhaja: a sa suna, a sa kuɗi, ta tara, ta nuna wadda kwasa ta zo kanta. Abu ɗaya ya dame ni, jan rubutun da ke cika allo duk sanda wani abu ya karkace. Tsoronsa nake ji. Sai na samo dabara, na kewaye komai da try (gwada), na sa except (in an sami kuskure) a ƙasa, na bi shi da pass (wuce kawai). Jan rubutu ya ɓace, har da yi wa ƙawayena kuri.

A mako na uku manhajar ta ce wata baiwar Allah ba ta yi zubi ba, ita kuwa ta rantse hannu da hannu ta bayar. Da Umma ta ƙirga kuɗin jaka, gaskiyar matar ce. Umma ba ta ce mini uffan ba, ta dai jawo littafinta daga ƙarƙashin matashi. Gara ma a ce faɗa ta yi mini.

Ranar Asabar na zo muku, ba ranar darasinmu ba ce. Malamin da ke koyar da mu bai karɓi kwamfutar daga hannuna ba, ya ja kujera ya zauna gefe. Ya ce, "Malama, cire try ɗin nan, ki sake shigar da abin da kika shigar ranar." Na rubuta 5,000, da waƙafinsa kamar yadda muka saba a takarda. Jan rubutu ya dawo. Ya ce in fara karantawa daga layin ƙarshe, can sunan matsalar yake. ValueError. Ashe int, umarnin da ke mayar da rubutu lamba, ba ya iya karanta lamba mai waƙafi, ya yi ta ihu tun ranar farko, ni ce na toshe masa baki. Ya kuma nuna mini cewa except da ba a ambaci sunan komai a gabansa ba har Ctrl da C yake haɗiyewa, shi ya sa manhajar ke ƙin tsayawa in na so kashe ta.

Da nan ya tsaya ma da ya biya ni, amma sai ya tambaye ni: in mace ta kawo dubu uku maimakon biyar, wane kuskure Python zai tayar? Na yi shiru. Babu, don 3000 lamba ce lafiyayya a wurinsa, bai san adashi ba, bai san zubi ba. Wannan dokar ta gidanmu ce, mu za mu raɗa wa kuskuren saɓa mata suna. A layi biyu muka rubuta class, wato sabon nau'in kuskure namu, mai suna AdashiError wanda ya gaji Exception, tushen yawancin kurakuran Python, sannan muka haifa masa 'ya'ya: ZubiBaiCikaBaError, TaRigaTaKwasaError, BabuSunantaError. Wanda ya kama uwa ya kama 'ya'yan duka, kamar yadda LookupError ke tattare KeyError da IndexError a cikin Python kansa. Don haka ɗa ake fara ambata a jerin except kafin uwa, tunda na farkon da ya dace shi ake bi. Na juya jerin sau biyu kafin abin ya zauna mini, bai ƙosa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kuskuren na iya ɗaukar kaya. Muka sa ya riƙe sunan mai zubi, abin da ta kawo da abin da ya rage. Yanzu allo cewa yake, "Zubi bai cika ba: an kawo 3000, saura 2000", Hausar da Umma ke karantawa da kanta ba sai ta kira ni ba. Wurin waƙafin kuma muka yi amfani da raise, umarnin tayar da kuskure, tare da from, don kuskurenmu ya fito ba tare da asalin ValueError ɗin ya ɓata ba. Malam ya ce da Python 3 wannan ya zo, a 2008, tare da damar sa haruffa irin su ƙ da ɗ a cikin sunaye. Na gwada, ya yi aiki, amma ya ba ni shawara in haƙura saboda wanda zai gyara bayana ƙila allon rubutunsa ba shi da su.

Daɗi ya ɗebe ni, Litinin na dawo da nau'in kuskure goma sha ɗaya. Ya yi dariya ya tambaye ni ko kowanne da abin da zan yi masa daban in na kama shi. Uku ne kawai ke da amsa, sauran takwas muka goge.

Awa uku ya yi da ni ranar Asabar ɗin, ba a karɓi ko sisi ba. Na gode wa shugaba da ya yarda muna biyan kuɗin makaranta kashi-kashi, ya kuma sa ajin mata na tashi kafin magariba. Na gode wa mai kula da ɗakin kwamfuta da ya buga mana babi na 8 na jagorar Python a takarda, wanda ke magana kan kurakurai, don marasa data su karanta a gida.

Umma har yanzu tana rubutawa a littafinta, sai dai yanzu takan ce in karanto mata na kwamfuta ta gwada, kuma Juma'a tara ke nan ba su saɓa ba. Ƙanena zai zo rajista zango mai zuwa in sha Allah. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Ɗalibarku,
daga ajin mata na yamma