Ummi, ki mayar wa mutane kuɗinsu kafin ki tashi

Assalamu alaikum, Ummi.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya shirin tafiya? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiya da ta ɗan motsa da shigowar sanyi. Na yi farin ciki da fitowar bizarki ta ƙasar Suwidin, Allah Ya sa albarka a kwas ɗin. Na zaɓi in rubuto miki ne don a waya kina saurin cewa "to Baba" tun ban kai ƙarshen magana ba.

Gwaggonki ta faɗa min wai kin buɗe littafi kina karɓar sautu. Matan ofis, 'yan adashinku, har da yayar Aminu. Wannan jaka take so, waccan kayan sawa, wata kofunan gilashi na jere. Da farko na ce ƙarya ake miki. Da na tambayi mahaifiyarki ta sunkuyar da kai, sai na gane da gaske ne, kuma tun ranar barcina ya ragu.

Ki saurare ni da kyau, don na san Stockholm, babban birninsu, tun lokacin da ma'aikata ta tura ni horon koyar da aikin katako, kuma ɗan abokina da ke karatu a Uppsala yana ba ni labarin yadda abubuwa suke yanzu. Suwidin ba ta amfani da yuro, kuɗinta kurona ne. Ke kuma naira kika karɓa. Tsakanin ranar da suka ba ki da ranar da za ki tsaya gaban mai shago, wa ya san inda canji zai kai? Can ba a tayi. Abin da aka manna a jikin kaya shi za ki biya, babu "albarka", babu "rage min", kuma a cikinsa akwai harajin da suke kira moms, kashi 25 cikin ɗari a kan yawancin kaya. Shaguna da yawa ma ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Ke nan kuɗin mutane zai cakuɗe da naki a kati ɗaya, banki ya cire nasa, ki dawo kina wa mata lissafin da babu wadda za ta yarda da shi.

Kuma me za ki sayo musu? Sun ji sunan H&M suna zaton ɗinkin Turawa ne. Kamfanin dai na Suwidin ne, a garin Västerås aka fara shi a 1947, amma in kin shiga shagonsu a titin Drottninggatan ki juya wuyan riga ki karanta: Bangladesh, Sin, Turkiyya. Ranar da yayar Aminu ta ga haka, cewa za ta yi a Kantin Kwari kika saya kika riƙe sauran. Gilashin Kosta Boda da Orrefors kuwa na gaske ne, a yankin Småland ake hura wani ɓangarensa, masana'antar Kosta tun 1742 take aiki, amma yana da nauyi, yana da tsada, kuma ba ya yafe wa masu jefa akwati a filin jirgi. In ya fashe, wa zai biya? In kaya suka wuce kilon da aka ba ki, wa zai biya? In kwastan suka ga jakunkuna iri ɗaya guda shida suka ce hajar sayarwa ce, wa zai biya?

Wa ya aike ki, Ummi? Karatu aka tura ki ko fatauci? Kin manta shekarar da Kawu Bala ya dawo da akwatuna? Kin manta filin da aka sayar, da wadda har yau ba ta taka gidan nan ko da biki? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shi ma ba ɓarawo ba ne, kunya ce ta hana shi cewa a'a, irin wannan kunyar taki. Asarar kuɗi ba ta dame ni kamar a ce 'yata ta ci amana, a faɗa a gidan suna, maganar ta isa gidan da za a kai ki kafin ke ki isa. Kuna cewa ina da tsauri, na sani, na ji abin da ƙannenki ke faɗa. Amma da wannan tsaurin na yi aikin gwamnati har na yi ritaya babu wanda ya taɓa tsayar da ni a hanya yana bin sisinsa. Ba zan zuba ido ki zubar da wannan saboda jakar hannu ba.

Ki kira su ɗaya bayan ɗaya ki mayar. Ki ce mahaifinki ne ya hana, ki ɗora min laifin gaba ɗaya, zan iya ɗauka. Fushin mako guda za su yi.

Ban ce kada ki shiga kasuwa ba, 'yata. Ina so ki shiga, da kuɗinki, da idonki a buɗe, don mutanen nan sun iya aikin hannu. Ki je Skansen, gidan tarihin da ke fili tun 1891, ki tsaya wurin masu hura gilashi. Za ki ga mutum ya ɗebo narkakken gilashi ja wur a bakin dogon bututu, yana juyawa yana hurawa, kafin ki ankara ya zama kofi. Ki leƙa Svenskt Tenn a titin Strandvägen ko da ba za ki sayi komai ba, ki kalli yadudduka masu zanen furanni na Josef Frank, ke da kike son ɗinki za ki ƙaru. A tsohon gari, Gamla Stan, shagunan tsaraba sun cika titin Västerlånggatan, sai dai da yawan kayan na inji ne daga wata ƙasa, don haka ki riƙa duba inda aka yi abu. Za ki ga jan dokin katako ko'ina. Na ainihi a ƙauyen Nusnäs kusa da Mora ake sassaƙa shi a yi masa fenti da hannu, kuma aikin ya burge ni, amma kin san ra'ayina kan ajiye siffar mai rai a falo. Cokulan katako da 'yan tawul ɗin saƙa na kicin sun fi shi amfani, ba nauyi, ba sa fashewa, sun ishi Hajiya da gwaggonninki tsaraba. Rigar sanyi kuma kada ki sayi sabuwa don 'yan makonni, akwai shagunan gwanjo masu tsabta irin su Myrorna da Stadsmissionen.

In kin sayi abu mai ɗan tsada, ki nuna fasfo ki nemi takardar mayar da haraji, tunda ba a Tarayyar Turai kike zaune ba. Ki ajiye ta da rasit, kada ki yi amfani da kayan, don za a iya cewa ki nuna su a filin jirgi. Alewarsu kuma ki karanta abin da aka haɗa ta da shi, da yawa akwai sinadarin da ake samu daga alade.

Ni in za ki kawo min wani abu, ƙaramar wuƙar sassaƙa ta Mora nake so, mai ƙotar katako. Ba ta da tsada. Ki sa ta a babban akwati, in kika bar ta a jakar hannu za su ƙwace.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki tafi da yaji da kuka. Ki kira ni kafin Juma'a ki karanta min sunayen waɗanda kika mayar wa, da yayar Aminu a farko. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya, Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.