Zuwa ga aminina a Manchesta: maganar allurar mura

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyi, ya Maman yara da jikin nata? Wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai da zancen allura ya taso ka tuna da ni. Ba komai, na rubuta bashi.

Ka ce ai mura ce kawai. Ba irin ta hunturu ba ce da ake shan citta da lemon tsami ta wuce. Wannan da suke kira fulu farat ɗaya take kayar da mutum: da safe garau, kafin la'asar ga zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi da busasshen tari. Ƙwayar tana sauya kama, shi ya sa duk Fabrairu Hukumar Lafiya ta Duniya ke zaɓar irin da za a haɗa wa ƙasashen arewacin duniya. Allurar bara ba za ta yi maka aikin bana ba.

Ku je a watan Oktoba, don sai ta yi kamar sati 2 a jiki kafin ta fara kariya. A dantse ake yi, rabin mililita ce tak, kai da ka taɓa gudu daga layin shan-inna da wando a hannu. Wurin zai yi tsami, ƙila da ɗan zafin jiki na kwana 1 ko 2. Babu ƙwaya mai rai a cikinta, ba ta sa mura. Idan kana da zazzaɓi ranar, ka bari sai ka warware.

Maman yara ce a raina. Mai juna biyu ana yi mata ko cikin wata nawa ne, kyauta ne a NHS, hukumar lafiyar Birtaniya, kuma jaririn zai samu kariya a watanninsa na farko, tunda ba a yi wa wanda bai kai wata 6 ba. Hajiya ma kyauta ce, ga ciwon suga ga shekaru sun haura 65. Wai har yanzu tana ɓoye dabino a jaka?

Su Auta kuma, a makaranta feshi ake musu a hanci, kuma akwai sinadarin jelatin na alade a cikinsa. Kada ka ƙi sa hannu a takardar ka yi shiru, ka nemi a yi musu ta allura, ita babu shi.

In fulu ɗin ta kama wani duk da haka, amozilin ba ya taɓa ta. Farasitamol, ruwa, kwanciya, kuma ban da asfirin ga ɗan ƙasa da shekara 16. Hajiya ko Maman yara kam, a kira likita cikin awa 48, lokacin da maganin fulu mai suna Tamiflu ya fi aiki. In kun zo gida hutu kuka koma da zazzaɓi, ka gaya musu daga Kano kuke a gwada maleriya.

Af, Ango ya fasa sayar da Vespar nan, wai yanzu ta zama kayan tarihi. Rigar sanyin da ka yi min alkawari fa?

Naka har kullum.