Gaba ce ke cinye mu, mu Kiristocin Maraɗi

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni Kirista ce, haifaffiyar Tsibiri, ina zaune a unguwar Zariya nan Maraɗi, kuma bana aurena ya cika shekara 33. Da 'yan'uwana masu bi nake son magana, ko da yake na san maƙwabtanmu Musulmi ne suka fi karanta jaridar nan. Ba na jin zancen zai zama baƙo a gidajensu.

Mu 'yan kaɗan ne a garin nan. Kakanninmu sun ji bishara daga bakin 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), wasu a Tsibiri, wasu a asibitin kutare na Danja, wasu a Galmi. In ka tona, kusan kowa dangin kowa ne. Shi ya sa da babbar ikilisiyarmu ta tsage wajen ƙarshen shekarun 1980, tsagar ta ratsa har tsakar gida. Babana ya tsaya ɓangare guda, iyayen maigidana suka bi ɗayan. Wata uku aka yi ana ja-in-ja kan faston da zai sa wa aurenmu albarka. Gwaggona ba ta zo bikin ba, kuma har ta koma ga Ubangiji ba ta taka ƙofar gidana ba, alhali ko dalilin rikicin ba ta iya faɗa.

Ni ma na ɗanɗana wannan hali. A yunwar 2005, maigidana ya kwashi buhu biyu na hatsi ya aika wa danginsa ƙauye bai shawarce ni ba, ga yara biyar a gabana. Kwana tara na yi ina gaba da shi. In dafa tuwo, in ajiye, in juya baya. Ranar Lahadi kuwa mu sa kaya masu kyau mu tafi sujada, har in ɗaga murya cikin waƙa. Duk wadda na kai wa kuka a zumuntar mata ta majami'armu, “ki yi haƙuri” kawai take cewa, sannan ta kai zancen gaba.

Wata tsohuwa ce ta raba mu da wannan, kuma daga ikilisiyar su maigidan take, ɓangaren da aka ce mana ba namu ba. Ta hau kabu-kabu ta zo da la'asar, ta zaunar da mu kan tabarma ɗaya, ta ce, “Ɗiyata, abin da kike faɗa wa mata, ga mai shi nan, faɗa masa.” Na faɗa ina kuka. Shi ma ya ce ƙanwarsa kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba, kuma ya san in ya tambaye ni zan hana. Gaskiya ya faɗa, da na hana. Tsohuwar ta sa muka auna abin da ya rage tiya-tiya, muka yanke nawa za a ci, nawa za a ƙara aikawa. Har yau ina ganin ya yi kuskure, shi kuma yana ganin bai yi ba.

To, a Littafi Mai Tsarki, manzanni Bulus da Barnaba ma sun saɓa a kan tafiya da mataimakinsu Markus har kowa ya kama hanyarsa, amma daga baya Bulus ɗin nan ya aika a zo masa da Markus, ya ce yana da amfani gare shi. Mu kuwa yau, a saɓa kan kuɗin baiko ko zaɓen dattawa, kafin dare zance ya zagaye WhatsApp, Lahadi mai zuwa an canja majami'a, an daina gaisawa ko a wurin ta'aziyya.

Roƙona ga fastocinmu da dattawa: in mace ta kawo ƙara, ku kira mijin ya ji da kunnensa, ku bar ɗora mata haƙuri ita kaɗai. Kuma ku riƙa ziyartar juna a idon jama'a, don mu na ƙasa ku muke kallo.

A watan Disamba za mu aurar da autarmu, kuma angon daga ɗaya ɓangaren yake. Fastocin biyu sun yarda za su tsaya tare. Abin da ya rage shi ne ganga: maigidana ya ce ba za a buga a majami'a ba, ni kuwa na riga na gaya wa matan zumunta su zo da tasu.

Taku cikin zumunci,
Wata mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi