Na sayi wasa da kuɗina, makullin yana hannun wani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan abin da wasu za su ce wasan yara ne. Wasan yaran ne kuwa, amma da shi nake ciyar da iyalina. Ina da rumfar gyaran kwamfuta a nan Tahoua, a bayanta kuma akwai ɗan ɗaki mai kwamfuta huɗu, inda samarin unguwa ke zuwa buga ƙwallo da tseren mota, dala 20 kowane zubi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: yawancin wasannin da ke cikin ɗakin nan kwafi ne, irin wanda ake tura wa mutum a kasuwa kan kuɗin shayi. Bana sai ƙanena da ke karatu a Yamai ya ce ya kamata in gwada na asali ko sau ɗaya. Na tura masa jika 20, ya aiko min da shi a mota, cikin kwalinsa, da doguwar lamba manne a ciki. Na sa shi a kwamfuta, ya ce ba zai buɗe ba sai ya gaisa da kamfaninsa ta intanet. Na sayi kiredi, na jona salulata, ya gaisa, ya buɗe. Lafiya lau har sati uku. Sai zafi da ƙura suka kashe babban allon cikin kwamfutar, abin da kowane mai gyara a Adar ya saba gani. Na canza shi da hannuna cikin awa ɗaya. Da na kunna, wasan ya ce bai san wannan kwamfuta ba, sai an sake tabbatarwa. Ranar kuwa rezo ya ɗauke tun hantsi. Yara shida na tsaye a kaina da kuɗinsu a hannu, kwamfutar da ke gefe mai ɗauke da kwafi tana ta aikinta. Wani ƙaramin cikinsu ya ce, “Kawu, ka sa mana na jabun mana, shi ba ya gardama.” Na rasa amsar da zan ba shi, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba: wasan kan duba kayan cikin kwamfutarka, ya haɗa su da lambar da ka saya, ya aika wa babbar na'urar kamfanin, ita kuma ta maido da izini. Wani sau ɗaya yake nema. Wani bayan ƴan kwanaki sai ya sake tambaya. Akwai kuma wanda in layi ya yanke, nan take ya kore ka, ko da kai kaɗai kake wasanka ba da kowa ba.

Abin ba na yau ba ne. Tun 2004 kamfanin Valve ya fitar da wasan Half-Life 2, ya ce ko faifai ka saya sai ka yi rajista a Steam, shagonsa na intanet. A 2008 wasan Spore ya zo da sharaɗin sau uku kawai za ka iya sa shi a kwamfuta, da mutane suka yi ca aka mai da shi biyar, kuma duk da haka ya shiga sahun wasannin da aka fi sata a shekarar. A 2010 Ubisoft na Faransa ya ce Assassin's Creed II na kwamfuta sai da intanet ba yankewa, a 2012 ya janye tsarin. SimCity ya fito a watan Maris na 2013, na'urorin kamfanin suka kasa ɗaukar jama'a, waɗanda suka biya suka yi kwanaki suna kallon allo. A shekarar dai Microsoft ya ce na'urar wasansa Xbox One sai ta leƙa intanet kowace awa 24, kafin ma na'urar ta shiga kasuwa ya lashe amansa. Lura fa, duk wannan ƙorafin Turai da Amurka ne, inda intanet ke gudu kamar ruwan famfo.

Ba zan zalunci masu kamfanonin ba. Wasa guda kan ci shekaru ana haɗa shi, da ɗaruruwan ma'aikata masu jiran albashi, kuma babban cinikinsa a makonnin farko ne. In aka fasa shi ranar da ya fito, asara ce ta gaske. Ni da nake jin zafi in yaro ya buga zubi biyu ya biya ɗaya, ba ni da bakin cewa kada su tsare dukiyarsu. Akwai ma amfanin da na gani da idona. Faifai a garin nan ba ya shekara bai karce ba, amma wasan da ke cikin asusunka yana nan ko kwamfutar ta ƙone. Gyare-gyare na zuwa da kansu. Sannan kwamfutoci da yawa da ake kawo min sun cika da ƙwayar cuta, in na bi sawu sai in tarar daga wasan jabu ta shigo, har da masu kwashe lambobin sirrin mutum. Arhar nan ba kyauta ba ce.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ya tsara makullin nan bai taɓa zama a gari irin namu ba. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kaso mafi yawa na kuran ɗinmu a lokacin, kowa ya san yadda aka sha. Mai janareto ko faranti mai aiki da rana zai iya tada kwamfutarsa, amma ba zai iya tada rezon gari ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga matsala, har da mu da ba mu da teku. A irin wannan rana mai kwafi yana wasansa, mai rasit yana zaune. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ma taɓo maganar biya ba, da yake shagunan intanet ɗin nan katin banki suke so, mu kuwa mutum nawa ke da shi a unguwa?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da kamfani ya gaji. Wasan tseren mota The Crew ya fito a 2014. A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ya kashe na'urorinsa, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya, har mai faifai. Mai doki ya koma kuturi. Wannan ne ya sa wani Ba'amurke, Ross Scott, ya fara gangamin hana kamfanoni kashe wasannin da aka saya, a 2025 kuma takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka a 2024 cewa shago ya faɗa wa mai saye gaskiya, cewa izinin amfani yake saya, ba wasan kansa ba. Ashe haya muke yi, ana kiranta ciniki. Kuma ba dole sai da makulli ake cin riba ba: shagon GOG na ƙasar Folan tun 2008 yake sayar da wasanni ba tare da shi ba, ka sauke ka ajiye abinka, kamfanin da ya mallake shi a lokacin kuma shi ya yi wasan The Witcher 3, wanda ya sayu kamar me.

Tabbatarwa sau ɗaya, ranar farko, na yarda da ita, zan sayi kiredin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa tsare ni a ƙofar ɗakina duk bayan kwana kaɗan, a kan wasan da ni kaɗai nake yi. In kuma kamfani zai rufe na'urarsa, ya cire makullin tukuna. Ƴan kasuwarmu na Yamai da ke shigo da kayan nan, don Allah ku riƙa gaya wa mai saye tun kafin ya ƙirga kuɗi cewa wannan sai da intanet. Iyaye ma su tambaya kafin su saya wa yaro, rubutun yana nan a bayan kwali da ƙananan haruffa, da Faransanci ko Ingilishi.

Nawa wasan ya buɗe washegari da la'asar, da rezo ya dawo. Yanzu na manna takarda a jikin wannan kwamfuta, na rubuta cewa kada kowa ya kwance ta sai ya duba salula ya ga akwai layi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta,
Unguwar Sabon Gari, Tahoua